Faifan da Ba a Kai Kano Ba

A ƙofar kasuwar Tianxiu da ke birnin Guangzhou na ƙasar China, wani saurayi ya tare wani dattijo mai jiran mota da kayansa.

"Baba, Kano za ka? Don Allah kai wa mahaifina faifan waƙar nan a Kantin Kwari. Shi ne na farko da sabuwar ƙungiyarmu ta fitar."

Ya kunna masa a waya. Dattijon ya yamutsa fuska. "Wannan ai ihu ne da ƙarar ƙarfe."

"Jita ce, wani ɗan China ke kaɗawa, ni nake gambarar. Sunan mahaifiyata nake kira. An binne ta ina nan."

"Allah ya ji ƙanta. Karatun fa?"

"Na bari. Bai sani ba, faifan zai gaya masa."

Dattijon ya mayar masa da abinsa. "Mutumin da ya binne matarsa? Ba da hannuna ba, ɗana."