Takarda a akwatin maigari

A tashar Madawa, Zaliha na zaune bisa akwatinta tana jiran motar Keita, wani tsoho ya raɓo inuwar da take ciki.

"Ɗiyata, hutu kika zo?"

"Na dawo ke nan, Baba. An sallame ni daga karatun injiniya."

"Dama aikin maza ne."

"Mu huɗu ne mata, ukun suna can. Bara da damina an tara su wata biyu ana koya musu lissahi da zane kahin a buɗe makaranta. Ni ina gona."

"Ba a kira ki ba?"

"An kira. Takardar ta iske maigarinmu ranar shuka, ya jefa ta akwati sai bayan girbi. Shekara guda ina bin su, ban cim musu ba."

Tsohon ya daɗe yana murza carbinsa.

"Ni ma maigari ne, wajen Tama. Akwai irin takardar nan guda a akwatina, da sunan jikata Biba."

"Yaushe ta zo?"

"Ranar shuka."

Zaliha ta dubi amalanken da ke wucewa, shaƙe da dammunan sabon hatsi.