Kwamfutata Ta Ƙi Shiri Da Firinta

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Sunana Sani, mai shagon buga takardu a Birnin Gwari. Babu wanda ya koya mini kwamfuta, ni na koya wa kaina.

Da kwamfutata ta tsufa ta fara nauyi, sai na goge komai na zuba mata manhajar nan ta kyauta da kowa ke iya gyarawa. Wallahi gudu take kamar sabuwa, amma firinta ta daina aiki. Na tambaya a dandalin masu manhajar, suka ce in sauke wani ƙari daga intanet da zai sa firintar ta yi aiki. Mu da sai mun hau dutse sabis ke kamawa!

Sai ga Baba Ɗanjuma daga Kuyello kan babur, ya zo karɓar katin bikin ɗansa, ni kuwa ban buga ba. Ya ce, "Sani, so kake in sake bin hanyar dajin nan?"

Don Allah, duk masanin da zai shigo motar Kaduna ya zubo mini abin a filashi. Biki ya matso, kuma Baba yana gidana, ya rantse ba zai koma ba sai da katinsa.