Giginyata Ta Ƙare a Tukunya

Assalamu alaikum mai gabatarwa. Hadiza ce daga Wara.

Giginyoyin tsohon garinmu suna ƙarƙashin ruwan Kainji, shi ya sa na binne ƙwallayen giginya a bayan gida don su tashi. Bayan 'yan watanni na dawo daga karatu a Birnin Kebbi, sai Inna, uwar mijina, ta tarbe ni da dafaffen muruci: "Kin iya binnewa, 'yata!"

Na ce itatuwa nake so. Ta ce, "Wa zai jira su, ni ko ke?"

Bana na sake binnewa, maƙwabta suka tone. Ba a koya mana wannan a jami'a ba.

Masu sauraro, yaya ake raya itacen da ake cinyewa tun yana cikin ƙasa? Ina gaida Inna. Murucin dai ya yi daɗi.