Madarar da Ta Yi wa Giya Wanki

A duk garin Kericho na ƙasar Kenya babu wanda ya san madara kamar Mzee Cheruiyot, dattijon coci mai shanu arba'in. Shi ya sa da ya ga "haɗin madara" a takardar abincin wani otal a Nairobi, ya ce a kawo.

Aka dire masa kofi, abin da ke ciki garau kamar ruwan famfo.

"Ɗana, ina madarar?"

"Ta gama aikinta, Mzee," in ji mai haɗawar. "A giya muke zuba ta da lemon tsami. In ta tsinke sai ta yi gudaji, ta kwashe dauɗar giyar, mu tace."

"Giya? Ni da zan yi jawabi a taron yaƙi da shaye-shaye ƙarfe huɗu? Ɗauke! To madarar fa?"

"Bola za mu kai ta, Mzee."

"Wato saniya ta sha tatsa don ta yi wa giya wanki? Kawo min gudajin."

"Mzee, ai gudajin ya jiƙu da..."

"Kai za ka koya min madara?"

Ya cinye da cokali, ya nemi ƙari, ya soma rera waƙar coci. Faston da ya zo ɗaukarsa ya saurari baiti biyu, ya biya kuɗin, ya koma taron shi kaɗai.