Zoɓo a Kwalbar Maganin Tari

A tashar Kura, Inno na zaune kan buhun shinkafarta tana jiran motar Bunkure ta cika, sai ta juya ga wani dattijo da ke gefenta.

"Malam, yaran yanzu sai addu'a! Jiya a tsakiyar kasuwa na ga wani ɗan makaranta yana tangaɗi da kwalbar maganin tari. Mutane sun kewaye shi, har da masu tafi!"

"To, sai kika yi yaya, Hajiya?"

"Na cire takalmi na faɗa fili! Sau uku na zuba masa, na fizge kwalbar na ɗanɗana don in kafa shaida."

"Yaya kika ji?"

"Wallahi har da citta da kanumfari!"

Dattijon ya tuntsire da dariya har hularsa ta faɗi. "Zoɓo ne, Hajiya, uwarsa ce ta dafa! Wasan kwaikwayo ne kan shaye-shaye, makarantarsu da mai unguwa suka shirya. Ɗana Bilya kika daka."

"Na shiga uku! Ashe shi ya sa tafin ya ƙaru?"

"Za su sake a Bunkure, malaminsu na ta cigiyarki."

Inno ta toshe baki da mayafi tana ƙyaƙyatawa. "Amma yaron nan ya iya! Wa ya koya masa wannan tangaɗin?"

Dattijon ya ɗauki hularsa, ya daɗe yana kakkaɓe ta.

"Yayansa yake gani a gida. Hajiya, in kin gama da Bunkure, don Allah ki biyo ta gidana da takalmin nan."