Lakar Injin Lawwali a Jikin Rumbunanmu

Shugaban wannan taro, ranka ya daɗe Hakimi, dagatai da masu unguwanni, Fasto da Liman, tsofaffin sojojinmu, matan gari, samarin golmo, masu noman neman aure, da ke tsaye can baya, jama'a baki ɗaya, ina gaishe ku. Na gode da aka ba ni dama, ko da yake sai da rana ta karkata aka tuna da ni Dawuda. Haka aka yi mini ranar rabon taki, ban manta ba.

Ni ban shiga aji ba, ba kuma yanzu zan shiga ba. Maganata a kan lakar nan ce mai ruwan toka, mai ƙyalli, wadda ke taruwa bayan injin Lawwali, inda ake niƙa dutsen zinariya a wanke a rafi.

Na farko, rafin kansa. Ina kwaɗin da ke cika mana kunne da damina? Ina tarwaɗa? Ka kafa fartanya a fadamata, ko tana ɗaya ba za ka tono ba. Na faɗa bara, aka ce tsufa ke damuna.

Na biyu, kuma shi ya fito da ni, rumbu. Mu mutanen ƙasar Zuru, mutuncin gida a jikin rumbunsa yake. Matanmu sun gano lakar nan ta fi kowace laushi, gara ba ta hawanta, ƙwaro ba ya kusantarta, sai suka shiga ɗiba a kwano suna yaɓe. Na tafi jana'iza Ribah, na dawo na tarar surukata Saloma ta shafe nawa ciki da waje, an zuba dawa. Ta ce, "Baba, kwantar da hankalinka, bana ƙwaro ba zai ci maka komai ba." Na ce, "Ɗiyata, abin da ya kashe gara, wa ya ce masa ya tsaya a kan gara?" Kajin da ke tsince gindin rumbun suka fara tangaɗi, suka mutu ɗaya bayan ɗaya.

Na kai wa Monica ta asibiti lakar, duk da ta taɓa barina a layi. Ta ce garin dalma ne a ciki, ya fi ƙarfin ido, ya fi ƙarfin rariya, yana shiga jini ya zauna, kuma yara yake fara kamawa. Jikokina daga rumbun nan za a tuƙa musu tuwo.

Lawwali ya ce mini, "Haba Baba, ƙasa ce fa!" To, Lawwali, ga ka nan zaune, zo in ɗibar maka mudu guda na dawar ka kai gida.

Ranka ya daɗe, a ɗauke injin daga bakin rafi, a binne lakar, a hana ɗibarta. Ni kuwa ba zan jira hukunci ba. Gobe da safe zan rushe rumbun nan nawa, in binne dawar, noman shekara guda. Zan ci rogo har kaka ta zagayo. Samarin golmo, ku zo da garma. Masu dariya ma ku zo, ku gani, ku koma ku dubi naku.

Allah ya tsare mana yaranmu, ya dawo da kwaɗi rafi, ya ja ran Hakimi, ya mai da kowa gida lafiya, har da waɗanda suka ce na tsufa.

Na gode.