Sauƙin da Likita Ya Faɗa

A bencin jira na wani asibiti a Gwagwalada, wata dattijuwa ta matso kusa da wata matashiya mai riƙe da kwanon abinci a rufe.

"'Yata, kina jin Turanci? Likita ya duba maigidana ya ce 'silaitili beta'. Me ke nan?"

"Slightly better, Mama. Wato ya ɗan samu sauƙi."

"A'a, kar ki yi min irin tamu. Mu ko mutum yana bakin kabari, 'da sauƙi' za a ce. Jiya 'e litil beta' ya ce. Wanne ya fi?"

"Kusan duk ɗaya ne. Sai dai slightly ya ɗan fi ƙanƙanta."

"Kamar me?"

"Kamar gishirin da ake ɗiba da yatsu biyu."

"To ai shi ke gyara miya. In ya murmure sosai fa, me zan ji?"

"Much better."

"Moc beta. Na riƙe. Jiya ko ruwa bai sha ba, yau har faɗa ya yi min wai kununa ya yi tsami. Wallahi ban taɓa jin daɗin faɗansa kamar yau ba."

"Ai wannan ya wuce slightly, Mama."

"Allah ya sa. Ke fa, wa kike jinya?"

"Mahaifiyata."

"Me likita ya ce?"

Matashiyar ta dubi kwanon da ko buɗe shi ba a yi ba.

"Da sauƙi, Mama."

Dattijuwar ta kama hannunta.

"Matso nan, 'yata. Ba inda zan je."